Layin da Auta Ya Bari

A asibitin nan, in ka nemi mai goge sashen masu ciwon ƙoda da sunan da ubanta ya raɗa mata, kallon baƙo za a yi maka. Amma ka ce Eriya, ko mai gadi zai nuna maka hanya da haɓa. Gajeriya ce mai faɗi, irin matan da in sun tsaya a bayan gadon majinyaci sai dai ka hango ɗankwali yana wucewa. Wanda ya laƙaba mata Eriya bai duba tsawonta ba, aljihun rigar aikinta ya duba, domin a nan wayarta take wuni.

Ba a haife ta da mofar goge daɓe a hannu ba, amma kaɗan ya rage. Ta yi wankau, ta yi wanke-wanke a gidan abinci, ta yi rainon 'ya'yan mutane har suka girma suka daina gaishe ta. Mijinta direban babbar mota ne, mutumin kirki in yana gari, sai dai ba ya gari. Ranar da ya dawo gida gaba ɗaya, a bayan motar wani aka kawo shi a lulluɓe. Ta haifi biyar, ƙasa ta karɓi huɗu tun ba su san hagu da dama ba. Wanda ya rage shi ne na ƙarshe, shi ya sa ya tashi ana ce masa Auta alhali ba shi da yaya ko ɗaya da zai yi wa shagwaɓa.

Auta ya koyi walda, ya iya ta kuwa, amma iyawa ba ta cika tukunya. Da zaman ya ishe shi, sai ya bi sahun samarin da ke fita wata ƙasa neman aiki ta hanyar da ba a tambayar takarda. Kafin ya tafi ya sayo mata waya, ya je da kansa ya bi dogon layi ya yi rajistar sim, tunda ita tana wurin aiki. Ya ɗora ta a kan tsarin data na wata-wata, irin wanda ba ya ƙarewa sai wata ya ƙare.

"Umma, wannan lambar ita kaɗai na haddace a duniya," ya ce mata. "Ko wayar ta faɗa rijiya, ki sa a tsamo sim ɗin. Kuma kar ki bari data ta yanke, ta nan kira ya fi sauƙi."

"Ni me zan yi da data? Miya zan kaɗa da ita?"

"Ki dai bar ta a kunne."

Ta bar ta a kunne. Da farko yana kira a kai a kai, kullum da wata baƙuwar lamba mai tsawo kamar jelar ɓera, kullum kuma da magana ɗaya yake farawa: "Umma, wayar wani bawan Allah ce, ba zan daɗe ba." Ita ba ta da inda za ta kira shi, sai dai ta jira. Sannu a hankali kiran ya riƙa ja da baya. Na ƙarshe, iska ce ta fi muryarsa ƙarfi, abin da ta iya tsinta kawai shi ne za su matsa gaba, kusa da ruwa. Daga nan shiru. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. A tsakani aka rushe gidan hayar da suka zauna don a faɗaɗa titi, maƙwabta suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, ita kuma ta koma wani ɗaki a bayan gidan burodi. In Auta yana raye, ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai wannan lambar. Don haka duk ƙarshen wata, kafin ta sayi sabulu, kafin ta sayi mai, sai ta sabunta datar da ba ta taɓa amfani da ita ba.

Sashen masu ciwon ƙoda wuri ne da ake daɗewa. Majinyata na kwance ana wanke musu jini, 'yan jinya na zube a baranda da tabarmi da filas, sun sayar da abin sayarwa, sun kira wanda za su kira har an daina ɗauka. Wata safiya Eriya ta tarar da wata mata a gindin matakala, riƙe da takardar gwaji, tana kuka ba sauti. Hoton takardar take so ta tura wa yayanta, ko zai gani da idonsa ya tausaya, data kuma ta ƙare mata.

"Inna, ko kina da data ki ɗan kunna min hosfot?"

"Data kam ina da ita har ta yi min yawa. Shi wannan na biyun ne ban san ko a ina ake sayar da shi ba."

Matar ta karɓi wayar ta yi 'yan danne-danne, ta ce ai wayarta za ta sha daga wannan ne, kamar jariri biyu a nono ɗaya. Wayoyin suka ga juna, suka gaisa, amma ko ɗigo bai wuce ba. Sai suka gangara bakin ƙofar asibiti wurin mai gyaran waya, wanda kowa ke kira Injiniya saboda yana da gilashin ido da sukurdireba.

Injiniya ya duba ya yi dariya. "Inna, kamfani ne ya sa wa abin takunkumi. Tsarin nan naki, ki sha iya cikinki, amma ba a yarda ki sam wa maƙwabci ba."

"Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana ke nan."

"Gugan nan kuwa na san inda igiyarsa take."

Ya shiga cikin wayar ya fita, ya sake shiga, ya sauya wasu abubuwa da ko shi bai san sunansu ba sai dai ya san inda suke. Hoton ya tafi. Da zai miƙa mata wayar sai ya riƙe ta tukuna.

"Yanzu kamfani zai ɗauka ke kaɗai ce ke sha. Amma waya kawai, Inna, kuma ba taro ba. Kar ki kuskura kwamfuta ta hau. Kwamfuta munafuka ce, da ta hau za ta faɗa wa kamfani ko ita wace ce."

Kafin mako ya fita, lambar sirrin hosfot ɗinta ta zama irin sirrin da ko mai tura gawa ya haddace. Abin kuma ba ya kaiwa nesa, sai wanda ke kusa da aljihunta. Saboda haka in ta ɗauki bokiti ta fara gogewa daga ƙofa zuwa ƙarshen baranda, sai ka ga 'yan jinya sun jeru a bayanta, kowa kai a sunkuye a kan waya, suna tafe kamar 'yan tsaki a bayan kaza. In ta tsaya matse mofa su tsaya. In ta shiga banɗakin mata, mazan su yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna kallon rufi. Inda ta goge nan suke takawa, sai ta dawo ta sake gogewa.

"Wannan wane irin aiki ne?" Sista, babbar nas ɗin sashen, takan ce. "Ke ki goge, jama'arki su zana taswira."

"Sista, ai shi ya sa har yau ba a kore ni ba. Aikina ba ya ƙarewa."

Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Waɗanda suka matsa, sai ta ce su kai wa majinyacinsu. Mutane suka ɗauka tsabar kirki ne, har da masu cewa waliyya ce, ita kuwa ta san lissafinta. Duk muryar Auta da ta taɓa ji tun tafiyarsa, a wayar aro ta ji ta. A can wani wuri akwai mutanen da ba su san ta ba, suka ciro waya daga aljihu suka miƙa wa ɗanta. A ganinta, ranar da ta ce wa ɗan wani a'a, ranar ce wani zai ce wa nata a'a. Ba malami ne ya gaya mata haka ba, amma ba malamin da zai iya cire mata shi daga rai.

Ana haka saƙon kamfani ya shigo. Karatunta bai wuce sunayen da ke jikin ƙofofi ba, sai ta kai wa wata ƙaramar nas.

"Sun ce sun lura ana raba data daga layin nan, kuma ya saɓa wa sharaɗinsu. In aka ci gaba za su rufe layin."

"Datar za su rufe?"

"Layin, Inna. Gaba ɗaya."

Eriya ta karɓi wayarta. Ta gangara wurin Injiniya, ya sake shiga wayar ya fita, ya ce barazana ce, haka suke yi wa kowa, amma dai ta rage jama'a. Ba ta rage ba, kashewa ta yi ɗungurungum. A kwanakin nan ta san yadda gaisuwa ke ramewa. Waɗanda jiya ke ce mata Inna Eriya sannu da aiki, yau sai su ɗage ƙafa kawai ta goge ƙarƙashinsu. Ba wanda ya zage ta. Sai dai takan wuce ta ga mutum ya ɗaga waya sama yana juyawa kamar mai neman wata, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da gogewa. Ba ta jure ba. Ta sa Injiniya ya sauya lambar sirrin, ta koma ba mutum ɗaya-ɗaya, a ɓoye, kamar mai sayar da haramtaccen kaya. Duk da haka wani saƙon ya sake zuwa, ƙaramar nas ta ce wannan sun rubuta shi ne na ƙarshe.

A lokacin ne aka kwantar da wani tsohon tela a gadon da ke jikin taga. Allura ta cinye masa ido, ciwo ya cinye sauran, baki kaɗai ya rage masa, shi kuwa yana nan garau.

"Ke mai mofa, wa ya ɗinka miki rigar nan? Buhu aka ba shi ya kwaikwaya?"

"Baba, ka warke ka ɗinka min wata, in ga iyakar cika bakin."

'Yarsa ce ke jinyarsa, ma'aikaciyar wani ofis, ta zo da kwamfutar wurin aikinta tana 'yan rubuce-rubuce a gefen gado don kar a sallame ta. Rannan da hantsi likita ya ja ta gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Eriya tana goge kusa da su, kuma shekarun da ta yi a sashen sun koya mata fassarar irin wannan tsayuwar. Da likita ya wuce, 'yar ta wanke fuska, ta zo ta same ta a wurin famfo.

"Inna, an ce ke ce mai taimakon mutane. Baba yana so ya ga yayana. Mun gwada kiran bidiyo a waya, ba ya ganin komai, allon ya yi masa ƙanƙanta. A kwamfuta nake so in haɗa su, datata kuma ba za ta ja ba."

"Kwamfuta kam a'a, 'yata. Ki yi haƙuri. Shi yayan naki ba zai zo ba?"

"Ba shi da takarda a inda yake. In ya fito ba zai koma ba, ƙila ma ba zai iso ba."

Eriya ta juya kan famfo. Ta cika bokiti, ta koma ɗakin, ta fara gogewa daga can nesa da taga. Tana jin tsohon ya manna waya a hanci yana tambaya, "Wannan shi ne, ko bango ne? Fuskar mutum kamar maɓallin riga." Ta goge ƙarƙashin gado ɗaya, ta goge na biyu. Ta san abin da Injiniya ya ce, ta san abin da kamfani ya ce, ba wanda ya ruɗe ta. Ta ce wa kanta ai magana ce ta ɗan lokaci, kafin kamfani ya waiwayo an gama. Da ta iso gadon jikin taga sai ta ciro wayar ta ɗora a kan durowa.

"Ki yi sauri," ta ce.

Fuskar saurayi ta cika allon, ramamme, da gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Tsohon ya sa aka matso masa da kwamfutar har kan ƙirji. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya ɗinka maka rigar nan? Wuyan a karkace yake."

Saurayin ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu dabam. Ba wanda ya iya cewa su yi sauri. Suka yi maganar keken ɗinki, da wanda za a bar wa almakashi, da wata gardamar da suka taɓa yi wadda kowannensu yanzu yake cewa shi ne mai laifi. Ita kuwa kwamfutar, da ta ji ta samu ruwan banza, sai ta kafa kai ta shiga zuƙa ta bayan fage, tana sabunta kayan cikinta, ba da sanin kowa ba. Eriya tana tsaye riƙe da mofa har ruwan bokitin ya huce.

Washegari da safe ta duba wayar, inda sandunan sabis suke tsayawa babu komai. Ta kashe ta kunna. Ta cire sim ta goge da bakin zani ta mayar. Ta fita tsakar titi ta ɗaga ta sama. Injiniya ya duba sau ɗaya ya ajiye sukurdireba.

"Kwamfuta ta hau?"

"Ta hau."

"To, Inna, wannan ya fi ƙarfin teburina."

Tela ya cika bayan 'yan kwanaki. 'Yarsa ta rungume Eriya a baranda, ta ce har abada ba za ta manta da ita ba, ta naɗe tabarma ta tafi. Eriya ba ta gaya mata an rufe layin ba. Me za ta ce wa mai ɗaukar gawar uba?

Ta nemi izinin Sista ta je ofishin kamfanin. Wuri mai sanyi, daɓen yana sheƙi, har ta tsinci kanta tana yaba wa wadda ke goge shi. Da layi ya zo kanta, wata yarinya mai fara'a ta danna lambar, ta ce za a iya buɗewa, abu ne mai sauƙi.

"Mai layin ne zai zo da kansa, Mama. Ya sa yatsa, kyamara ta ga fuskarsa, ya yi alkawarin ba za a sake ba."

"Ni ce mai layin."

"Sunan namiji ne a nan."

"Ɗana ne. Ni na haife shi, ga yatsuna har goma, ki zaɓa."

"Na shi ake so, Mama. Ba zai iya zuwa ba ne?"

"'Yata, da zai iya zuwa da kansa, me zan yi da layin?"

Yarinyar ba muguwa ba ce. Ta tashi ta shiga wurin ogansu, ta daɗe, ta fito fuskarta ba fara'ar. Ta ce na'ura ce, ba ta karɓar bayani. Ta kuma faɗa mata, da murya ƙasa-ƙasa, cewa layin da ya daɗe a rufe akan sayar wa wani da lambar. Eriya ta koma ofishin har masu gadin suka san ta, amsar ba ta sauya ba. A ƙarshe ta yi sabon sim da sunanta, da ɗan ƙaramin tsarin da ba ya isar kowa. 'Yan jinyar da suka san ta suka tafi, wasu da majinyatansu, wasu su kaɗai. Sababbin da suka zo suna ce mata Eriya don sun ji ana faɗa, suna zaton ko sunan ƙauyensu ne.

Kullum in ta samu hutun rana, sai ta zauna a gindin matakala ta kira tsohuwar lambarta. Kullum wata mata mai sanyin murya ta ce mata lambar ba ta aiki. Har ta saba da matar, takan ce mata, "To, sannu da ƙoƙari." Watanni suka shuɗe a haka. Sai wata rana, maimakon matar, ta ji wayar tana ƙara. Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Wa ke magana?" Muryar namiji ce, a bayansa ana buga ƙarfe, injin iska yana huci.

"Bawan Allah, don Allah kai wane ne?"

"Ke da kika kira ni kike tambaya? Mai faci ne. In taya ce, ki kawo."

"Lambar nan tawa ce a da."

"To yanzu tawa ce, da kuɗina na saya. Ashe ke ce Eriyar da ake ta damuna da nema. Wata har addu'a ta yi min kafin in ce mata ba ke ba ce."

Ta roƙe shi ya ba ta aron kunne. Ta faɗa masa komai a gurguje, tana tsoron kar ya kashe: Auta, da wayoyin aro, da gidan da aka rushe. Bugun ƙarfen ya tsaya.

"Akwai wata baƙuwar lamba da ta taɓa kiranka? Mai tsawo?"

"Ana kira da irinsu. Ni ba na ɗauka, Inna. 'Yan damfara ne, an taɓa wanke ƙanena da irin wannan."

"Yaushe ne na ƙarshe?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Lambar tana nan a wayarka?"

"Ina gogewa. Wayar ba ta da wuri."

Ta koma ta zauna a kan matakalar. Ƙila 'yan damfarar ne. Ai su ma suna da dogayen lambobi, kuma sun fi 'ya'yan mutane yawan kira.

"Ɗana, in an sake kira, ka ɗauka. Ko ɗan damfara ne ka ɗauka, ka ji muryarsa tukuna."

"In na ɗauka in ce me?"

"Ka ce Umma tana nan da ranta. Ka ce ta tashi daga tsohon gida, tana bayan gidan burodi. Ka ba shi wannan lambar da na kira ka da ita. Ka faɗa masa a hankali, ka maimaita, ba shi da abin rubutu, haddacewa yake yi."

"To. In hannuna ba ya cikin taya, zan ɗauka."

"Ko yana ciki, ɗana."

"Inna, ga mota ta tsaya, sai anjima."

Ya kashe. Ta zauna riƙe da wayar, tana tunanin ko ta sake kira ta tabbatar ya adana lambar, tana kuma tsoron kar ta ishe shi tun ranar farko. Daga sama Sista ta leƙo ta ce wani ya yi amai a gado na kusa da ƙofa. Eriya ta ƙara wa wayar ƙarfin ƙara har ƙarshe, ta sa a aljihu, ta ɗauki bokiti ta hau.